A Raba Ikon Injin Jirgi Marar Matuƙi

Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan magana ta fara tabbata a kan injunan jet na jiragen sama marasa matuƙa.

Tun daga shekarar 1984, lokacin da jirgin Boeing 757 ya fara aiki da injin PW2000, aka saba da ɗora ragamar inji a kan kwamfuta guda da ake kira FADEC. Ita ke auna mai, ita ke lura da zafi da saurin juyawa, kuma kowace na'urar awo sai an ja mata wayarta har zuwa wannan akwati. Tarin wayoyin nan nauyi ne, kuma in an sauya na'ura ɗaya, sau da yawa sai an taɓa akwatin kansa.

To, yanzu lantarki yana karɓe aikin famfunan mai da sauran sassa da a da ƙarfin inji ke juya su. Ga shi kuma jirgi irin Global Hawk na Amurka, wanda ya fara tashi a 1998, yana iya shafe sa'a 30 a sama ɗauke da rada da kyamarori masu cin wuta. Nauyin da aka rage masa duk ya zama gurbin mai. Shi ya sa injiniyoyi suka ce a raba ikon: a bai wa kowane sashe 'yar kwamfutarsa a gefensa, su riƙa aika saƙo ta layi guda.

Wannan shawara daidai ce, amma ba ta rasa cikas. Kayan lantarki na silikon da aka saba da su ba su cika jure zafin da ya wuce digiri 125 ba, alhali kuwa jikin inji ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. Hukumar NASA ta gwada waɗanda aka yi da silikon kabaid a digiri 500 har tsawon sa'o'i dubbai, sai dai gwaji daban, kasuwa daban. Bugu da ƙari, in saƙo ya makara a kan layi, injin na iya mutuwa, kuma babu matuƙi a ciki da zai ji ƙararsa ta canza.

Abin lura ga Nijeriya shi ne, rundunar sojan sama ta ƙaddamar da jirgin Tsaigumi a Kaduna a 2018. Ba inji jet gare shi ba, amma ya nuna akwai hannu. Wajibi ne hukumomi su ba Kwalejin Fasaha ta Sojan Sama da jami'o'i kuɗin koyar da ilmin sarrafa inji da na lantarki, su kuma ƙi sa hannu a kan cinikin jirgin da ba a yarda 'yan ƙasa su san cikinsa ba. Ɗalibai su ma su dage, domin kuwa zanen aro ba ya rufe katara.