Kafin Ka Gina Shago a Arewacin Zamfara

Yawancin ma'aikatanmu, da zarar kuɗin sallama sun shigo hannu, burinsu shi ne su gina 'yan shaguna a gida domin haya ta riƙe su a tsufa. Tunani ne mai kyau. Sai dai a ganina, sawun jama'a ne ke ba shago daraja, domin bulo da siminti ba sa biyan haya.

Layin dogo da ya iso Ƙauran Namoda a 1929 shi ya raya cinikin gyaɗa a garin. Haka kuma, lokacin da gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako a 2021 saboda 'yan bindiga, duk mai rumfar da ya dogara ga baƙin Shinkafi ko Zurmi ya ji a jikinsa. Ɗan hayar da bai yi ciniki ba, da me zai biya?

Saboda haka, sabon shiga ya fara da wurin da masu saye suke kwana, kamar kewayen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura. Ya tabbatar da takardu, domin a Dokar Filaye ta 1978, sayar da fili mai takardar mallaka sai da amincewar gwamna. Idan filin gado ne, kowane magaji ya sa hannu. Sannan ya raba abin da zai kashe da hayar shekara, ya ga shekarun da uwar kuɗinsa za ta ɗauka kafin ta dawo.

Kada ya zuba guminsa duka a gini guda. Allah ya dawo mana da zaman lafiya.