Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Jan Hankali Ga Masu Son Sayen Kyamara

A 'yan shekarun nan sha'awar ɗaukar hoto ta yaɗu ƙwarai tsakanin ma'aikatan gwamnati da ɗaliban manyan makarantu, musamman masu koyon aikin jarida. Wannan abin farin ciki ne, domin al'ummar da ba ta ajiye hotunan kasuwanninta da bukukuwanta da dattawanta, wata rana za ta nemi tarihinta ta rasa. Sai dai akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare. Da zarar mutum ya ƙudura niyyar koyo, tambayarsa ta farko ita ce wace kyamara ce ta fito bana. Sai ya tattara albashin watanni, ko ma ya ci bashi, ya sayo ƙatuwar na'ura, ya bar ta tana yi wa kanta saiti, sa'an nan ya yi ta mamakin yadda hotunansa ba su fi na wayar hannu ba. Alhali kuwa kuɗin mai koyo ya kamata su tafi ga gilashi mai kyau, lokacinsa kuma ga sanin haske. Jikin kyamara shi ne na ƙarshe a lissafi.

Kafin a yi nisa, ya kamata a san abin da ake nufi da kyamarar SLR. A bayan gilashin da ke gabanta, watau idon kyamara, akwai madubi a karkace wanda yake tura haske sama zuwa wani dunƙulen gilashi, shi kuma ya miƙe siffar ya kai ta ga idon mai ɗauka. Saboda haka abin da mutum ya leƙa ya gani, shi ne zai hau kan fim. Idan aka danna maɓalli sai madubin ya ɗaga, wani ɗan labule ya buɗe na ƙiftawar ido, haske ya shiga. Kamfanin Ihagee na birnin Dresden a Jamus ya fito da Kine Exakta a 1936, Nikon F ta 1959 ta zama abokiyar tafiyar 'yan jarida, Pentax K1000 kuwa, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1976 zuwa 1997, da ita ɗalibai masu yawan gaske suka koyi sana'ar a ƙasashe daban-daban. Ba ta yi wa mai ita komai da kanta, kuma ko batir ɗinta ya mutu tana ɗaukar hoto, domin ma'aunin haske kaɗai yake ciyarwa.

A shekarar 1975 wani injiniya na kamfanin Kodak a Amurka, Steven Sasson, ya harhaɗa kyamarar dijital ta farko. Nauyinta ya haura kilo uku da rabi, hotonta baƙi da fari ne mai ɗigo 10,000 kacal, kuma sai ta ɗauki daƙiƙa 23 kafin ta rubuta shi a kan kaset. A 1991 Kodak ya sayar da SLR ta dijital da aka gina a kan jikin Nikon F3, a 1999 Nikon D1 ta fito, a 2003 kuma Canon EOS 300D ta sauko da farashi ƙasa da dala 1,000, daga nan kasuwar fim ta fara durƙushewa, har shi kansa Kodak ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2012. Abin lura a wannan tarihi shi ne abu guda ne ya sake, watau wurin da haske yake sauka. Maimakon fim, an sa wani ɗan faranti na lantarki mai karɓar haske. Gilashi da labule da ƙa'idojin haske suna nan yadda suke. Don haka wanda ya iya aiki da fim kada ya ɗauka iliminsa ya tsufa.

Dalilin fifita gilashi a kan jikin kyamara a fili yake. Jikin kyamarar dijital kwamfuta ce, kuma kamar kowace kwamfuta, bayan 'yan shekaru sai sabuwa ta fito, darajar tsohuwa ta faɗi. Gilashi mai kyau kuwa yana iya yin shekara talatin yana aiki idan an kula da shi. Bugu da ƙari, tun daga 2018 kamfanonin Canon da Nikon suka mai da hankali ga kyamarori marasa madubi, abin da ya sa masu hali da yawa suka sayar da SLR ɗinsu, farashin na hannu ya sauko. Wannan dama ce ga ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci. Kada kuma yawan ɗigo ya ruɗi kowa. Hoton da za a buga a takarda mai inci 8 da 12, a kan ɗigo 300 kowane inci, bai buƙaci ɗigo miliyan 9 cikakku ba. Ke nan kyamara mai ɗigo miliyan 12 ko 16, wadda ta shekara goma da fitowa, ta ishi shafin jarida da hoton bango. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

To, wane gilashi ya dace da mai koyo? Yawancin ƙananan kyamarori suna zuwa da gilashi mai jawowa da turawa, daga milimita 18 zuwa 55. Yana da amfani a fili da rana, amma ƙofar haskensa ƙarama ce, domin idan aka jawo shi zuwa 55 ba ya buɗewa fiye da f/5.6. Gilashin milimita 50 mai buɗewa har f/1.8, wanda yake cikin mafi araha a wurin kusan kowane kamfani, yana shigar da haske kusan ninki goma na wancan. Da shi ake ɗaukar hoto a zauren taro ko a aji ba tare da fitila ba, kuma yana fito da fuska tangaran ya dusashe abin da ke bayanta. Tun da ba ya jawowa, dole mai shi ya taka da ƙafarsa ya nemi matsayi, wannan kuwa shi ne babban darasi. Sai dai a tuna cewa faɗin fim milimita 36 ne da 24, farantin yawancin ƙananan kyamarorin dijital kuwa kimanin 24 ne da 16. Saboda haka gilashin 50 a kansu yana gani kamar na 75 ko 80 a kan fim. Mai son ganin da ya saba da shi sai ya nemi na 35.

Wanda ya gaji gilasai daga zamanin fim kada ya yi saurin rabuwa da su, kada kuma ya sayi sabon jiki kafin ya bincika ko za su hau. A 1987 Canon ya sake bakin da ake ɗaura gilashi, saboda haka tsofaffin gilasansa na FD ba sa hawa kyamarorin EOS kai tsaye. Nikon ya riƙe bakinsa na 1959 a kan SLR ɗinsa, amma ƙananan jikinsa na dijital ba sa iya daidaita gani ko auna haske da wasu tsofaffin gilasai, sai dai mutum ya yi da hannu. Pentax ma ya riƙe bakinsa na K tun 1975. Kyamarori marasa madubi kuwa suna karɓar kusan kowane tsohon gilashi ta hanyar zoben haɗi. Mai sayen kayan hannu ya haska tocila cikin gilashi ya duba ko akwai ƙuraje ko farin zare irin na saƙar gizo-gizo, wanda alama ce ta funfuna. Ya kuma nemi sanin sau nawa labulen kyamarar ya buɗe, domin na ƙananan kyamarori an ƙiyasta masa kimanin sau 100,000.

Bayan kayan aiki sai ilimi, shi kuwa ya rataya ne a kan abubuwa uku: faɗin ƙofar haske, tsawon lokacin da labule zai buɗe, da ƙarfin karɓar haske, wanda a da ake rubuta ASA a jikin kwalin fim, yanzu kuma ake ce masa ISO. Idan aka rage ɗaya dole a ƙara wani. Tsofaffin masu hoto suna da ƙa'ida mai sauƙi: idan rana ta take, a sa ƙofa a f/16, saurin labule kuma ya yi daidai da lambar fim, watau kimanin kashi ɗaya cikin 100 na daƙiƙa ga ISO 100. Wata ƙa'idar ita ce idan an riƙe kyamara a hannu, kada saurin labule ya gaza tsawon gilashi, domin gudun rawar hoto. Mai koyon da ya kashe saitin kai-da-kai ya yi wata guda yana juya waɗannan abubuwa uku da hannunsa, zai fi wanda ya shekara yana danna maɓalli kawai.

Duk da haka akwai wuraren da dijital ta saɓa wa fim, kuma yanayin ƙasar Hausa yana ƙara bayyana su. Fim mai launi yana jure yawan haske, farantin dijital kuwa idan haske ya yi masa yawa sai wurin ya zama fari fat, ba a iya dawo da shi. Wanda zai ɗauki dattijo cikin farar babbar riga da tsakar rana, idan bai rage haske ba aikin riga zai ɓace, idan kuma ya rage da yawa fuska za ta yi duhu. Maganin wannan shi ne neman inuwa, ko jiran hantsi da la'asar, da kuma ajiye hoto a tsarin RAW, wanda yake barin damar gyara. Na biyu, fim sabo ne a kowane hoto, faranti kuwa guda ne, ƙurar da ta hau shi za ta fito a dukkan hotuna. A lokacin hunturu kada a canja gilashi a fili, a shiga ɗaki ko mota, a kuma sunkuyar da bakin kyamara ƙasa. Na uku, dijital ba ta motsi sai da batir, saboda haka inda wutar lantarki ba ta da tabbas batir na biyu wajibi ne.

Wasu za su ce yabon fim ƙaunar tsohon zamani ce kawai, domin dijital tana nuna wa mai koyo kuskurensa nan take, ba sai ya jira wanki ya biya kuɗi ba. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa ba a shawarci ɗalibi ya koma fim ba, ga tsadarsa ga kuma ƙarancin wuraren wanki. Abin da ya kamata a ɗauko daga wancan zamani shi ne natsuwa. Mai ƙunshin fim na hoto 36 yakan duba gefe da gefe da bayan mutum kafin ya danna, domin kowane hoto kuɗi ne. Mai dijital kuwa yakan zuba ɗari biyar a biki guda yana fatan goma su yi kyau. Ya kamata mai koyo ya riƙa iyakance wa kansa hoto 36 a fita guda, ya dawo ya zauna ya bincika dalilin lalacewar waɗanda suka lalace. Masu cewa wayar hannu ta wadatar kuma suna da hujja a hoton yau da kullum, amma doki a guje ranar hawan salla, ko mai jawabi daga ƙarshen zaure, suna buƙatar gilashi na gaske.

Babban abin da ake gudu a wannan sauyi shi ne asarar hotunan kansu. Shahararren mai hoton nan na Nijeriya, J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rayu daga 1930 zuwa 2014, ya fara ne da 'yar ƙaramar kyamara Brownie a 1950, ya kama aiki a ɗakin wankin hoto na Ma'aikatar Watsa Labarai a Ibadan a 1954, daga 1968 kuma ya shiga ɗaukar hotunan kitson matan Nijeriya har ya tara kusan 1,000, aka nuna wasunsu a babban baje kolin fasaha na birnin Venis a Italiya a 2013. Da ƙaramin kaya ya fara, kuma adana aikinsa ne ya sa duniya ta gan shi. Fim ɗin da aka wanke yana iya yin shekaru da dama a cikin ambulan, katin ajiya na dijital kuwa yana iya lalacewa dare ɗaya, waya ta ɓace da hotunan shekara biyar. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Kowane hoto mai muhimmanci a ajiye shi a wuri biyu ko uku, a rubuta kwanan wata da sunan gari da na mutanen da ke ciki, mafi kyawu kuma a buga su a takarda. Masu tsofaffin fim a gida su nemi a mayar musu da su dijital, amma kada su zubar da na asali.

Wannan jan hankali ya shafi ofisoshi da makarantu kamar yadda ya shafi ɗaiɗaikun mutane. Sashen watsa labaran da aka ware wa kuɗin kyamara guda mai tsada, zai fi amfana idan ya sayi matsakaita biyu da gilasai masu kyau, ya tura ma'aikatansa horo, ya kuma tanadi ma'ajiyar hotuna wadda ba za ta tafi tare da jami'in da aka canja wa wurin aiki ba. Makarantun da ke koyar da aikin jarida su ma su sa ɗalibai su yi zangon farko da gilashi guda da saitin hannu. Shi kuma mai albashi ko ɗalibin da ke tara kuɗi, ya nemi jiki na hannu mai lafiya, gilashi guda mai buɗewa sosai, batir biyu da kati biyu, sauran kuɗin ya ajiye domin buga hotunan da suka cancanta.