Kwamfuta Ba Kayan Ado Ba Ce

Wanda ya shiga Kasuwar Singa a Kano zai tarar da buhunan sukari da shinkafa jibge, amma ba kowa ya san asalin sunanta ba. Daga kamfanin Singer mai ƙera keken ɗinki aka samo shi. Keken nan baƙo ne ya zo mana, amma telolin Fagge ba su tsaya kallonsa ba. Suka kwance shi, suka ga cikinsa, suka koyi gyaransa, har ya zama ɗan gida. To, abin da muke so a yi wa kwamfuta ke nan a makarantunmu.

Tun 1988 Gwamnatin Tarayya ta fito da manufar koyar da ilmin kwamfuta. A 2015 kuwa hukumar JAMB ta bar jarrabawar takarda ɗungum, watau duk mai neman shiga jami'a sai ya zauna gaban kwamfuta. A 2024 WAEC ma ta soma haka ga masu ɗaukar jarrabawa don kansu. Saboda haka yaron da bai taɓa sa hannu ga na'urar nan ba sai ran jarrabawa, lalle an cuce shi, kome kaifin ƙwaƙwalwarsa.

Amma me mukan gani in mun fita rangadin makarantu? Sau da yawa an kawo kwamfutoci, an yi biki, sa'an nan hedimasta ya lulluɓe su ya kulle ɗakin, don tsoron kada su lalace a ce ya biya. In ɗaya ta ƙi tashi sai a jingine ta, alhali kuwa wataƙila ƙura ce ta toshe fankarta, ko wata waya ta saki a ciki. Samarin da ke gyara a Titin Beirut, ba nisa da Singa, nan da nan za su tashe ta.

Gyaran al'amarin nan daga kwalejojin horon malamai zai faro. Kada ɗalibi ya fita sai ya kwance tsohuwar kwamfuta da hannunsa, ya faɗi aikin kowane sashe, ya mayar ta tashi. Malamin da ke tsoron abu ba ya iya koyar da shi.

Bayan haka, kada a tsaya ga koya wa yara buga haruffa kaɗai, a koya musu rubuta wa na'urar umurni. Abin bai kai tsadar da ake zato ba. Manhajar Scratch kyauta ce, tana kuma aiki ba intanet. Raspberry Pi, wadda aka fito da ita a Ingila a 2012, a kan dala 35, ba ta wuce tafin hannu ba, wutar da take ci kuwa kaɗan ce. Ɗan ɗan kasuwar Singa da ya tsara umurnin da zai fitar wa mahaifinsa ribar buhu da bashin da yake bi, ya san lissafi sani na haƙiƙa.

Ku kuma akawunan ƙananan hukumomi, in kuna tsara kasafin sayen kwamfuta, ku sa kuɗin gyara da na wuta tare. Kada a tuhumi hedimasta don na'ura ta tsufa a hannun yara. Wanda ya kamata a tambaya shi ne wanda tasa ta ruɓe a kulle. Allah Ya sa mu gane.