Ƙidayar 2022 da hoton tauraron ɗan'adam: wa ake gani, wa ke ɓacewa a zangunanmu?

A watan Afrilun 2023 ne hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INSEED, ta fitar da sakamakon ƙidayar jama'a karo na biyar, wadda aka yi daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamban 2022. Mutum 8,095,498 ke zaune a Togo, kashi 51.3 cikin ɗari mata ne. A 2010 mu 6,191,155 ne. Yawancinmu a rediyo muka ji, muka ce masha Allah an ƙaru, shi ke nan aka wuce. Alhali da waɗannan alƙaluma ne za a yi ta yanke shawara har shekaru masu zuwa: ina za a ƙara aji, ina za a ja famfo, wace unguwa ce ta isa a ba ta asibitin haihuwa.

Mu duba namu na arewa. Yankin Savanes, inda Dapaong da Nano suke, ya tashi daga mutum 828,224 a 2010 zuwa 1,143,520 a 2022. Ƙarin mutum 315,296 ke nan cikin shekara 12, wato ya fi ninki biyar na garin Dapaong kamar yadda aka ƙirga shi a 2010, lokacin yana da 58,071. Yankin Tsakiya, mai hedikwata a Sokode, ya tashi daga 617,871 zuwa 795,529. In ka buga lissafi, Savanes ya ƙaru da kusan kashi 38 cikin ɗari, Tsakiya da kusan 29, ƙasar baki ɗaya da kusan 31. Yankin da ya fi talauci yana gaba da ƙasar wajen saurin cika. Mu da muke tsayawa gaban allo ba sai an faɗa mana ba, kowace shekara benci ne ke ba mu labari tun makon farko na buɗe makarantu.

Matsalar ƙidaya ita ce tsada da jinkiri. Tsakanin ta 1981 da ta 2010 shekara 29 aka yi ba a ƙirga kowa ba a ƙasar nan. Najeriya rabonta da ƙidaya tun 2006, wadda aka shirya a 2023 ma ɗage ta aka yi. Wannan giɓi ne ya buɗe wa tauraron ɗan'adam ƙofa.

Ga yadda abin yake aiki. Tauraro yana ɗaukar hoton ƙasa daga sama, sai a koya wa kwamfuta ta gane rufin gini, ta zana shi a taswira. A 2021 kamfanin Google ya fitar da taswirar gine-gine miliyan 516 na nahiyar Afirka ta wannan hanya. Masu bincike irin na WorldPop, a jami'ar Southampton ta Ingila, sai su ɗauki yawan mutanen da ƙidaya ta bayar, su rarraba shi a kan wuraren da aka ga gini. A lura da wannan da kyau: tauraro bai taɓa ƙirga mutum ko ɗaya ba. Rufi yake gani. Yawan mutanen kuwa aro yake yi daga ƙidaya ko daga binciken gida-gida. Idan an tsallake ka a ƙasa, ba za a tsince ka a sama ba.

Ba ina raina aikin ba ne, yana da amfani sosai. Taurarin Landsat na Amurka suna ɗaukar hoto tun 1972, don haka ana iya jera hotunan Sokode na shekaru daban-daban a ga yadda gari ya miƙe yana bin babbar hanyar Lome zuwa Cinkassé, ya ci gonakin da ke gefensa. Haka ma Dapaong. Shirin Africapolis ma bai damu da iyakar da hukuma ta shata ba: duk inda gine-gine suka haɗu babu tazarar da ta wuce mita 200, mutane kuma suka kai 10,000, birni yake kiransa. Da irin wannan awo, sababbin unguwannin bakin gari da takarda ke kira ƙauye, ga su ba ruwa ba layi, suna fitowa fili a matsayin birni mai buƙatar kayan birni.

To amma akwai girman da hoto ba ya kamawa, kuma shi ne irin namu. Tsofaffin unguwannin fatake, irin su Didawure da Zango a Sokode, gadon hanyar goro ce da ta haɗa ƙasar Hausa da Salaga. Ba su da filin da za su faɗaɗa, ciki suke cika. Gida ɗaya, tsakar gida ɗaya, ga maigida da iyalinsa, ga ƙannensa da matansu, ga 'yan haya, ga ɗaliban allo, ga baƙon da ya zo fatauci ya sauka a zaure. Rufin kwanon da tauraro ya gani shekara goma da suka wuce shi ne dai yake gani yau, amma mutanen da ke ƙarƙashinsa ba su ne na da ba. Lissafin da ke raba mutane daidai-wa-daida a kan rufi zai rage wa zango, ya ƙara wa sabuwar unguwar da ke cike da gine-ginen da ba a gama ba, masu su suna Lome ko Turai.

A Nano, cikin gundumar Tandjouaré, kuskuren kan zo ta wata fuska. Gidajen Moba a warwatse suke cikin gonaki, ɗakuna zagayayyu da rumbuna a kewaye da tsakar gida. Rufin ciyawa kalarsa ɗaya da ƙasa lokacin rani, wani kuma yana ƙarƙashin inuwar kaɗanya ko ɗorawa, sai na'ura ta wuce shi. Inda ta gani kuma, tana iya ɗaukar rumbun hatsi a matsayin ɗakin kwana. Ashe da mu da maƙwabtanmu Moba jirgi ɗaya ne ya kwaso mu.

Sai kuma batun tsaro. Bayan harin Kpékpakandi na watan Mayun 2022, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a Savanes a watan Yuni, ana kuma ta tsawaita ta. Tun daga lokacin mutane ke baro ƙauyukan Kpendjal da na Burkina Faso suna gangarowa Dapaong da Cinkassé da Mandouri. Mafi yawansu a gidajen jama'a suka sauka, wajen dangi ko wanda ya ji tausayi. Ba su gina sabon rufi ba balle tauraro ya gan su, waɗanda suka iso bayan Nuwamban 2022 kuma ba sa cikin lissafin garuruwan da suke zaune yau. Amma suna layin famfo, 'ya'yansu kuma suna zuwa mana a tsakiyar shekara, da yawa babu ko takardar haihuwa. Ƙauyen da suka baro kuwa rufinsa na nan tsaye a hoto, kamar da mutane a ciki.

Kada wani ya ce wannan zancen 'yan boko ne. Mun riga mun ga ranar da hoton sama ya taɓa aljihu. A watan Afrilun 2020, lokacin korona, gwamnati ta fito da tallafin Novissi, wanda ake rajista ta waya da lambar *855#. Da aka zo faɗaɗa shi zuwa karkara tare da ƙungiyar GiveDirectly da masu bincike na jami'ar Berkeley ta Amurka, da taimakon hoton tauraro aka ware gundumomi 100 mafi talauci daga cikin 397, sannan aka duba yadda mutum ke amfani da wayarsa don a kintaci ƙarfinsa. Binciken da mujallar Nature ta buga a 2022 ya nuna hanyar wayar ta rage tsallake mabukata da kashi 4 zuwa 21 cikin ɗari idan aka gwada ta da zaɓen yanki kawai. Amma idan aka gwada ta da hanyoyin da ke buƙatar cikakkiyar rajistar gidaje, kuskurenta ya fi da kashi 9 zuwa 35. Su kansu masu aikin sun nuna rajistar ƙasa ta fi. Kuma kafin duk wannan, sai da katin zaɓe ake shiga. Kowa ya san mutum nawa a zango aka haife su a nan, iyayensu ma a nan, amma ba su da wata takarda da ta ce haka.

Saboda haka abin da nake gani shi ne, rabon aiki biyu ne. Na hukuma: magadan gari na ƙananan hukumomi 117 da muke da su su nemi alƙaluman unguwa-unguwa daga INSEED, su kafe su inda kowa zai gani. A ɗauki taswirar tauraro a matsayin mafarin tambaya, a zauna da sarakunan zango da masu unguwanni da shugabannin makarantu a gwada ta da rajistar ɗalibai da ta rigakafi. Inda rufi bai ƙaru ba amma aji ya cika, can ne aikin yake. Yankin da mutanensa ke ƙaura irin Savanes kuma bai kamata ya jira 2032 ba kafin a sake duba shi.

Namu rabon ya fi sauƙi, amma shi muka fi sakaci da shi. Har yanzu akwai mai ɓoye yawan 'ya'yansa don tsoron baki, da mai tuna harajin zamanin Turawa, da mai cewa baƙonsa ba ɗan gida ba ne don haka ba sai an rubuta shi ba. Ƙidaya ba ta tambayar kuɗi, kuma duk mai zaune a ƙasa take ƙirgawa, ɗan ƙasa ne ko baƙo. Takardar haihuwa kuwa kyauta ce tun 1 ga Janairun 2022, matuƙar an kai rahoto cikin kwana 45. Bayan haka sai an bi ta kotu, da kuɗi da zirga-zirga, galibi kuma sai jarrabawar CEPD ta ƙarato iyaye ke farga. Ina roƙon limamanmu da masu raɗa suna: ranar suna kwana bakwai ne, saura kwana 38. Kafin a yanka rago, a tambayi uban yaro ko ya je ofishin magajin gari.

Allah ya zaunar mana da yankinmu lafiya, ya mayar da waɗanda suka baro gidajensu.