Jirgi Ya Tafi, Wa Zai Gaji Dogo?

Ya ku 'yan'uwa mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan da Shagamu da Fatakwal, muna gaishe ku daga Kujama, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Chikun, muna kuma kawo muku ƙara.

Duk wanda ya zo ganin gida ya bi hanyar nan da ta tashi daga Kaduna ta ratsa Kujama da Kachia da Zonkwa har Kafanchan, ba ya bukatar a ba shi labari, gani ya kori ji. Kafin ya iso garinmu zai wuce matatar mai da aka buɗe a 1980, wadda ta shafe shekaru tana kwance. A bayansa ya baro Kakuri, inda masaƙar Kaduna da aka kafa a 1957 ta rufe ƙofa a 2002. In ya sauka Kafanchan kuwa, sai ya iske taragai sun yi tsatsa, ciyawa ta cinye dogo.

Kafanchan ɗiyar jirgi ce. A 1927 ta zama mahaɗar dogon da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi, hannu ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos, kuma a 1964 aka kai shi har Maiduguri. Jirgin nan ne ya tara Bahaushe da Bajju da Kagoro da Ibo da Bayarabe a layi ɗaya na gidajen ma'aikata. Shi ya kwashi citta da kuza da shanu, shi kuma ya kai iyayen da yawa daga cikinku Kudu.

Yanzu wasu masu manyan riguna suna cewa wai duk wannan tsohon yayi ne, a bar shi ya bi zamaninsa. Mu kuwa muna tambaya: da jirgi ya tafi, ya tafi da mutanen ne? Tsohon direban da ke bin layin fansho yana nan. Matar da ta tarbiyyantar da 'ya'ya bakwai da tallan abinci a tasha tana nan. Manomin citta da ke biyan kuɗin mota ninki-ba-ninki yana nan. Abin da ya rage na ƙarfe kuma ɓarayi na yanka shi da dare suna sayar wa 'yan gwangwan. Ranar da dogo ya ƙare, filin za a raba, daga nan kuwa batun dawowar jirgi ya mutu har abada.

Kada a ce mana babu hali. An buɗe sabon dogo daga Abuja zuwa Kaduna a 2016, an buɗe na Ikko zuwa Ibadan a 2021. A watan Maris na 2021 ɗin aka ƙaddamar da gyaran dogon Fatakwal zuwa Maiduguri da kiɗa da jawabai, amma a 2024 iyakar Fatakwal zuwa Aba aka ga jirgi ya koma aiki. Ashe talakan Kafanchan ba ɗan ƙasa ba ne?

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ku ma kun tafi, kun bar tsofaffi da gonaki da ƙuri'a. Kuɗin da kuke aikowa na sayen hatsi, mun gode, amma ba ya tsayawa a majalisa ya yi magana. Ku sa batun dogon nan a taron ƙungiyoyinku da zauren Sarkin Hausawa. Ku rubuta wa wakilanku, ku yanki katin zaɓe, duk ɗan takarar da ya zo neman goyon bayanku ku tambaye shi ranar da jirgi zai sake tsayawa a Kafanchan.

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah Ya sa mu gane.