Dokar farauta: a tsare naman daji, a tsare manomi



Cikin yawon da nake yi ƙauye-ƙauye wajen aikin gona, sau da yawa ana tambayata: don mi gwamnati take hana talaka kama naman da Allah ya saki cikin daji? Tambayar tana da nauyi, shi ya sa nake son mu tsaya kanta yau.

Dokar da ake magana ita ce mai lamba 98-07, ta ran 29 ga watan Afrilu 1998, wadda ta tsara farauta da kiyaye naman daji a ƙasar Nijar. Ba ta rufe farauta gaba ɗaya ba. Cewa ta yi mai son farauta ya nemi takardar izini wurin ma'aikatan gandun daji, kuma akwai takarda ta mahalban gargajiya. Akwai dabbobin da ba a taɓawa ko kaɗan, kamar raƙumin dawa. Ta kuma hana farauta da wuta, da guba, da fitila cikin dare, da korar nama da mota.

A ganina, manomi ne na farko da ke cin ribar wanga hani. Na taɓa ganin samari sun sa wa daji wuta don zomo biyu da gafiya, iskar hunturu ta kwashe wutar, ta cinye kara da harawar da mutane sunka tara wa bisashe. Wa ya yi hasara? Mu ne. Mujiya da shaho suna rage mana ɓeraye, zabin daji da tuje suna cin fara. Wanda ya zuba guba don dila, ungulu ke mutuwa, mushe ya ruɓe bakin gari babu mai ɗauke shi.

Tsofaffinmu na arewa sun san mariri, amma yaran yanzu sunansa kawai suke ji. Saura kaɗan raƙumin dawa ya bi shi. A shekara ta 1996, waɗanda sunka rage wajen Kure, gabas da Yamai, ba su kai 50 ba, kuma su kenan a Afirka ta Yamma duka. Da anka tsare su, a 2017 sun wuce 600. A 2018 an ɗauko 8 an kawo gandun Gadabeji, cikin jihar Maraɗi, wanda aka keɓe tun 1955. Doka ce ta yi wannan aiki, tare da haƙurin mutanen ƙauye.

To, a kan wanga haƙuri ne nake da magana. Raƙumin dawa ba ganyen gawo kaɗai yake ci ba, yana shiga gonar wake, yana cin mangwaro. Dorina kuma tana ɓarnar shinkafa a bakin kogin Kwara. A 2017, wajen Ayoru, cikin jihar Tilaberi, rikici ya kai mutane sunka kashe dorina fiye da 20. Ban goyi bayan kisan ba. Amma mutumin da ya wuni cikin rana wata huɗu, ya tashi da safe ya tarar an cinye abincin iyalinsa, in aka ce masa ya yi shiru don doka, zuciyarsa za ta ɗauki dabbar a kan abokiyar gaba, ta ɗauki ma'aikaci haka nan.

Ga abin da nake roƙon hukuma. Na ɗaya, a karanta dokar a rediyo da Hausa, da Zarma, da Fulatanci, da Tamajak, a faɗi sunan kowace dabba da harshen mutane. Bai kamata mutum ya fara jin doka ranar da aka ci shi tara ba. Na biyu, in naman daji ya yi ɓarna, a zo a auna gonar gaban mai gari da malamin gona, kamar yadda ake yi in shanu sun shiga hatsi, a biya mai gona diyya kafin damina ta kewayo. Na uku, a jawo sarakunan baka da mahalba cikin tsaron daji, don sun fi kowa sanin sawun nama da lokacin haihuwarsa. Na huɗu, doka ta zama ɗaya. In an kama mai tarko an kyale mai mota da bindiga, babu wanda zai ƙara ganin girmanta.

Mu ma manoma muna da namu aiki. Kada mu sa wa daji wuta. Mu hana yara kwasar ƙwan zabin daji da damina. In dabba ta yi mana ɓarna, mu kai ƙara wurin mai gari da ma'aikatan gandun daji tun sawu bai goge ba, kada mu ɗauki guba. Mu ne munka bar sahabi ya tashi cikin gonakinmu har itace ya komo ƙasar Maraɗi da Damagaram, kuma irin wannan kula ce naman daji yake bukata gare mu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mana gona da daji.