Horo ta salula: a auna mu kafin a ɗinka mana rigar

Bara wata ƙungiya da muke aiki tare ta aiko mana da darussa ta intanet, aka ce mataimakan likitan dabbobi da ke ƙarƙashina su bi, a ƙarshe a ba kowa takardar shaida. Ni na fara buɗewa. Faransanci ne daga farko har ƙarshe, hotunan kuwa na manyan shanun madara na Turai ne masu fari da baƙi, tsaye cikin ɗaki mai siminti. Bidiyon farko kaɗai ya cinye mini megar da na saya ta sati. Mataimakana akasarinsu karatun allo suka yi, wasu sun ɗan taɓa firamare. Da na nuna wa wani dattijo a cikinsu, sai ya ce, "Dakta, wannan saniyar ko a kasuwar Dakoro ban taɓa ganin irinta ba." Waɗanda suka kai ƙarshe, ni na zauna gefensu ina fassara.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a yi watsi da horo ta salula. Ina goyon bayansa, kuma ina son ƙungiyoyin makiyaya su nemi a yi musu shi. Dalilina tsarin da muka saba ne: a tara mutane kwana uku a Maraɗi ko Tawa ko Damagaram, a cika musu kai, a biya kuɗin mota da na zama, a watse. Bayan wata shida, mutum yana rugar da ke bayan Bermo, saniya kwance gabansa, ya manta ko cc nawa aka ce. Babu wanda zai tambaya. Kuma mun san yadda ake zaɓen masu zuwa irin wannan taro: sau da yawa wanda ya fi kusa da shugaba ne ke tafiya, wanda ke riƙe da sirinji yana daji. Darasin da ke cikin salula ba ya watsewa. Ana sake saurarensa sau goma.

Amma sai an yi shi dominmu. Ga abin da nake nufi.

Murya ce kan gaba, da Hausa, da Fulfulde, da Tamashek, ba rubutu ba. Darasi ɗaya kada ya wuce minti uku ko huɗu, magana ɗaya tak a ciki. Kuma ya zama abin da ake saukewa sau ɗaya a ranar kasuwa inda akwai rezo, a tura wa juna ta Bluetooth ko a zuba a katin memori. Wanda ya tsara darasin da sai da intanet mai ƙarfi ake kallonsa bai taɓa hawa tudu yana ɗaga salula sama a arewacin Tanut ba.

Sunayen cututtuka su zama waɗanda makiyayi ke kira. Idan aka ce PPCB, mutum uku ne za su gane. Idan aka ce ciwon huhu na shanu, kowa ya san abin da ya taɓa yi masa. Haka saifa, haka harbin daji, haka sammore. Hotuna kuma a ɗauko su daga garkenmu: jar akuyar Maraɗi, tumakin balami, shanun Azawak da na Bororo. Kumburi a jikin jar akuya ba ya kama da kumburi a hoton littafi.

Abin da ya fi damuna shi ne a koyar da inda ake kuskure a zahiri, kuma wannan mu da ke fili muka san shi. Allurar rigakafin PPR, cutar nan da ke kashe awaki da tumaki da zawo da majina, wadda duniya ta sa wa'adin kawar da ita nan da 2030, allura ce mai rai. Zafi na kashe ta. Idan aka haɗa garin da ruwansa, cikin awa biyu ya kamata a gama da kwalbar. Na sha ganin mai allura ya haɗa da hantsi, ya sa kwalba a aljihu, ya ci gaba da ita har la'asar. Dabbobi sun sha allura, an yanke musu alama a kunne, an rubuta a takarda, amma ruwa aka ɗura musu. Da cutar ta shigo sai makiyayi ya ce rigakafi ƙarya ne, badi ya ɓoye garkensa. Wannan darasin minti uku ne, kuma ya fi shafi arba'in amfani.

Haka batun awo. Ivermectin mai kashi 1 cikin ɗari cc 1 ne ga kilo 50. Oxytetracycline mai dogon aiki, mai kashi 20, cc 1 ne ga kilo 10. Wanda ya rikita su biyun, ko ya yi asarar magani ko ya yi wa dabba illa. Sai albendazole da ba a ba dabba a farkon ciki, da kwanakin da ake jira kafin a sha nono ko a yanka bayan allura, waɗanda aka rubuta a jikin kwalba amma ba mai karanta wa kowa. Sai saifa: dabbar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini na fita ta hanci da dubura, ba a feɗe ta, ba a cin naman, ba a sayar da fatar, domin tana kama mutum.

Akwai wurin da nake jan birki. Na fara jin ana cewa tunda akwai darasi a salula, ba sai an ƙara kashe kuɗi wajen horon ido da ido ba. Wannan kuskure ne, kuma dabbobinku ne za su biya. Ba a koyon kama jijiyar wuyan sa a bidiyo. Ba a koyon bambancin allurar ƙarƙashin fata da ta cikin tsoka sai an riƙe hannunka an gyara maka. Takardar shaidar da aka samu da danna amsa ba ta nuna mutum ya iya. Na ga wanda ɗansa ɗan makaranta ya danna masa. Kuɗin da aka rage na otal da ɗakin taro a mayar da shi man babur, domin likitan SVPP ko irina mu iso ruga mu ga mutum yana aiki da hannunsa kafin a sa masa hannu.

Kada kuma a manta da mata. A gidaje da yawa su ke da awaki da kaji, su ke fara ganin akuya ta ƙi cin abinci, amma salular tana aljihun maigida. Ƙungiyar da ta karɓi darussa ta ajiye salula ɗaya da ƙaramar lasifika, a riƙa kunnawa ranar da mata ke taron asusu.

Don haka idan wani shiri ya zo muku da maganar horo ta intanet, ku tambaye su wa zai rubuta darasin, da wane harshe, kuma wa zai riƙe shi ranar da shirin ya ƙare. Ku nemi a zauna da masu allurarku tun kafin a naɗi komai. Mu a nan mun fara da abin da muke da shi: salulata da muryar wani tsohon mataimaki da ya fi ni iya Fulfulde. Darasin saifa muke son gamawa kafin ruwan farko, na kwalbar rigakafi kuma kafin a buɗe kamfen na bana.